Kada Ki Faɗa Musu Inda Aka Haifi Mama

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara, kuma gwiwar nan ta bar ki kina hawa bene. Allah ya ƙara ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau. Kawu ya sami sauƙi har ya koma yi wa likita gardama, autata kuma ta kama aiki a asibiti. Ni kaɗai ce ba ni da lafiya, ciwona kuwa fushi ne. Gyara zama.

Kin san cocinmu na Metodis zai cika shekara sittin, dattawa suka ce a buga littafin tarihi. Aka ɗora tsohon Hedimasta a kan kwamitin, mutumin da yake duba agogo in Rabaran yana addu'a. Da yake yare huɗu ne mu a ƙarƙashin kwano ɗaya, aka ce don adalci kowane ɓangare ya cika shafi guda da magabatansa: masu ganga, masu dogon Amin, mutanen gefen taga, sai na bayan ginshiƙi, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar mai wa'azi ba amma sun fi kowa sharhi a kan wa'azin.

Ranar Lahadi bayan sujada aka karanta mana abin da suka rubuta. Yaya, har wanda ya ba da aron tsani lokacin rufin kwano yana ciki, shi da tsanin. Na kasa kunne har ƙarshe ban ji sunan Mama ba. Matar da ta yi shekara talatin da takwas a tsaye gefen mumbari tana juya wa'azi daga wannan yare zuwa wancan! Wadda in mai wa'azi ya yi wa wani ɓangare habaici, kafin maganar ta isa kunnensu ta mai da ita gaisuwa! Shekarar da rigimar littafin waƙoƙi ta kusa raba cocin, wa ya ce kowa ya rera da yarensa tunda muryar waƙar ɗaya ce? Har yau haka muke yi, kuma har yau baƙi suna zaton faɗa ake.

Na miƙe na tambaya. Hedimasta ya cire tabarau ya ce ba laifin kwamiti ba ne, babu ɓangaren da ya kawo sunanta. Ashe masu ganga sun ɗauka ta gefen taga ce, na gefen taga sun bar wa masu dogon Amin, kowa dai ya zaci ta maƙwabcinsa ce. Na ce musu na karanta tarihin dauloli da yawa, ban taɓa cin karo da mutanen da suka tuna tsani suka manta da wadda ta hana su rotsa wa juna kai da shi ba. Rabaran ya ɗauko waƙa don ya rufe min baki, na jira aka gama baiti shida na ci gaba daga inda na tsaya.

Kunya ta kama su, sai abin ya juye. Kafin Laraba kowa ya ce Mama tasu ce. Matar tela ta rantse cewa da yarensu na masu ganga Mama take faɗa, kuma mutum ba ya faɗa sai da yaren uwarsa. Na bayan ginshiƙi suka kawo wani tsoho mai haƙori biyu ya ce ya san kakarta. Yanzu Mama tana shafi huɗu, an haife ta a ƙauye huɗu. Hedimasta ya ce ko a wa'azi sau biyu ake cewa a haifi mutum, don haka a tantance, shafi ɗaya ya ɗauke ta, uku su sake ta. Ya juyo ya tambaye ni Mama 'yar ina ce. Duk karatuna na ce masa ban sani ba. Kin san in an tambaye ta cewa take yi ita 'yar ajin addu'a na ranar Alhamis ce, ta wuce.

Ga dalilin wasiƙar. Sun tuna katinta na baftisma yana cikin gwangwanin takardunta da kika tafi da shi bayan rasuwarta, kuma matar tela ta samo lambarki. Ranar sha biyar ga wata za a kai littafin wurin bugawa. Ban ce ki yi ƙarya ba, mu 'ya'yan Mama ne. Ki yi irin aikinta: in an tambaye ki inda aka haife ta, ki tambayi lafiyar yara, ki yaba mawaƙa, ki roƙi a saka gwiwarki a addu'a, har kuɗin wayarta ya ƙare. Ni ma kada ki gaya min, kin san bakina in raina ya ɓaci. Mama ta gaji da tsayuwa, a bar ta ta zauna a benci huɗu.

Ki gaishe da maigida, da takwarar Mama, da 'yan biyu. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Gwangwanin kuma ki ɗora shi can saman durowa, inda gwiwarki ba za ta kai ki ba.

Ƙanwarki da har yanzu ba ta huce ba.