Na Rantse Wa Tsoho Ba Za A Sayar Da Muryarsa Ba

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kar ku yi saurin zagina, zuciyata ta riga ku.

Mu shida ne a Magaria muke aikin sa-kai, muna haɗa manhaja ta kyauta mai gaya wa makiyaya cututtukan shanu da maganinsu da murya. Ni ne mai dama-dama a Ingilishi, sai aka ba ni lisans, wato takardar sharuɗɗan da za mu saki aikin a kansu, in fassara. Na karanta farkonta na gaji, na ce musu, "Kowa ya ɗauka kyauta, amma ba mai ikon sayarwa." Wa ya aike ni? Me zai ci ni in na ce ban gama ba? Son a ce na iya ne kawai.

Da wannan magana na je garin Waca wajen Baffa Jaɓɓi, tsohon da ya gaji maganin shanu kaka da kakanni. Ya ce, "Ɗana, sirrin gidanmu ne. In sadaka ce na ba ka, in kasuwa ce tashi ka tafi." Na dafa ƙirji na rantse. Kwana uku yana magana ina ɗauka, muka saki manhajar har da muryar.

Ran kasuwa sai na ji muryarsa a rumfar wani mai tura waƙoƙi a waya, ana sayar da ita. Na koma na karanta lisans ɗin har ƙarshe. An yarda a sayar, kuma abin da aka saki ba ya janyuwa. Mutumin bai yi laifin komai ba.

Yanzu dangin Baffa sun ce ya sayar da gadon ubansu ya cinye shi kaɗai. Ƙaninsa ya ware shanunsa daga garke, ko gaisuwa ba sa yi. Abokan aikina kuwa ba su san abin da lisans ɗin ya ce ba, wajen jandarma suke son kai mai rumfar. Shekaranjiya tsohon ya shigo mota ya zo har gida. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ran Juma'a za a zauna gaban maigari. Zo ka faɗa musu sata aka yi mana. Kai ka karanta takardar, kai za su yarda da kai."

Wallahi kunya kamar in nutse. In na ce sata ce, na jefa marar laifi hannun jandarma. In na faɗi gaskiya, ta tabbata tsoho ya saki gadon gidansu a kan rantsuwar maƙaryaci, kuma ba mai iya dawo da shi. Jibi ne Juma'a.

Me zan yi?