Layin da Yaya Take Tsallakewa

Zuwa ga maigidana, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyin da ke kwantar mini da zuciya, Baban Auta,

Ina gaishe ka gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Amma kafin ka karanta komai, tsaya ka dubi rubutun nan da kyau. Ka ga yadda layukan suke gangarawa kamar awaki a kan tudu? Ba hannun 'yarmu Yaya ba ne. Hannuna ne! Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya da la'asar, na hana yara su faɗa maka a waya, don ina so ka fara ganina a takarda.

Ranar da na ji bakina ya saki da karatu, sai na jawo gwangwanin nan na ƙarƙashin gado, inda nake tara wasiƙunka na shekarun farko, lokacin da sansaninku na masu gyaran hanya ba ya samun waya. Ka san 'yarmu Yaya ce take karanta mini su, tana 'yar shekara goma sha biyu. Kullum abin da nake ji shi ne kana gaishe mu, a kula da ƙirjin Auta, a gyara famfo. Nakan ce a raina, wannan bakaniken nawa ya zauna da ƙarfe har ya koma ƙarfe. Ashe a ƙasan kowace takarda akwai layi guda da ba a taɓa karanta mini ba!

Na bi shi da yatsa, baƙi bayan baƙi: "Idan ƙanƙara ta narke, hanyar dutse ta buɗe, ki zo ko kwana shida ne ki ga tafkin nan. Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da idonki ba sai shi." Wasiƙa bakwai, shekara uku, kana kira! A ta takwas ka rubuta: "Tunda kin yi shiru, ba zan ƙara takura miki ba." Wayyo masoyina! Ka zo hutu sau nawa bayan nan, ka zauna a kujerarka ina zuba maka shayi, kana ɗauke da wannan a ciki, ni kuwa ina ta yi maka zancen famfo?

Na kira Yaya daga asibitin da take aiki, na ajiye mata takardun. Uwar 'ya'ya biyu guda ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Haba Mama, da wane baki zan ce miki idonki kamar tafki? Babana ne fa!" Na ɗaga hannu zan kai mata duka, sai dariya ta ƙwace mini, daga nan kuma kuka. Kada ka yi mata faɗa. Kuma ba zan ɓoye maka ba: ko da ta karanta a lokacin, ban sani ba ko zan iya barin Auta da numfashinta. Amma da ka ji amsa daga bakina, ba shiru ba.

Yanzu ka ce hanyar ta kusa ƙarewa, kafin sanyi ya dawo za ku naɗe kayanku ku bar ƙasar har abada. To, ga amsarka, ta makara shekara tara: ina zuwa.

Na yi fasfo. Ma'aikacin ya dubi furfurata ya turo mini tawadar dangwala yatsa, ni kuwa na ce ya ba ni biro. Mai sayar da tikiti ya sa na maimaita sunan ƙasar sau uku, sai da ya duba taswira, sannan ya ce shekara goma sha biyar yana wannan aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa can. Jirgi biyu ne, sai doguwar mota. Zan taso sati na biyu na dogon hutun makaranta, in yi kwana shida cif, kamar yadda ka roƙa.

Tsoro? Akwai shi mana! Yaya za ta dawo gida ta zauna da Auta. Na rubuta lokutan maganinta da hannuna, na manna ɗaya a firji, ɗaya a ƙofar ɗaki, ɗaya a cikin jakar makarantarta. Auta ta ce saura in manna mata a goshi, wai shekararta goma sha biyar, ni ce ya kamata a rataya wa takarda a wuya kada in ɓace a filin jirgi.

Amma idan na ɗauki hoton nan da ka taɓa aikowa, sai tsoron ya yi shiru. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsayar da waɗannan duwatsu! Da gaske ne a tsakiyar lokacin zafi kawunansu fari fat da ƙanƙara? Da gaske ne mutum yana hango tsakuwa a ƙasan ruwan kamar babu ruwa? Gajimare yana wucewa ta ƙasan ƙafarka kana tsaye? Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce benen asibiti ba! Yaya ƙirji ɗaya zai ɗauki wannan girma? Kuma kai, hasken idona, ka tsaya gaban duk wannan, abin da ya faɗo maka a rai shi ne ni?

Ka tuna muna sabon aure, ranar da ka goya ni a keke don in ga kogi ya cika ya tumbatsa? Kana nuna mini ruwa, ni ina cewa mu koma, na bar tukunya a wuta. Ka ce, "Ki duba mana, ko sau ɗaya." Ban duba ba. Na yi maka alkawari, wannan karon zan duba. Zan kira Auta safe da yamma, kada ka hana ni, amma tsakanin kira da kira idona naka ne da tafkinka.

Ka faɗa mini ko rigar sanyi ɗaya ta isa. Ka tsaya inda zan gan ka da zarar na sauko daga mota. Kuma ina roƙonka, kada ka amsa wannan a waya. Ka rubuto, ka ba direban sansaninku da ya kai maka tawa, ka cika takardar da duk abin da ka haɗiye shekara tara. Babu mai tsallake mini layi yanzu.

Taka tun ranar keke, taka har numfashina na ƙarshe, wadda ta sa hannu da kanta,

Maman Auta