Tagar Mama Har Yanzu a Buɗe

Zuwa ga yayana Lyuben,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nevena da yara, ya kuma ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mu nan da sauƙi. Maigidana Radko ya koma aikinsa a tashar jirgin ƙasa, dusar ƙanƙara ta rufe inabin tsakar gida, Mama kuwa tari ya kama ta, kuma tarin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da ka bugo waya ka tambaya ko an harba wa Baba igwarsa, na ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya yi nauyi. Ba a harba ba, Yaya. Ka san al'adar rundunar su Baba tun zamanin da dawakai ke jan igwa: in sojansu ya rasu, igwar da ya yi wa aiki ita ke sallamarsa da harbi ɗaya. Matarsa tana gida ta buɗe taga, ba ta rufewa sai ta ji ƙarar, sannan a zana sunansa a kwanson tagulla na harsashin da aka harba a kafa a kabarinsa don sa furanni. Na kakanmu yana nan, na kakan Baba ma yana nan. Shi Baba kwalbar da muke jiƙa tattasai na kafa masa.

To rundunar ce babu. Ka tuna yadda yake jera mana ita a teburi da gutsattsarin burodi, bataliya uku, kowace igwa da mutum shida, yana dukan hannunka in ka cinye masa sajan? An yi ta rage ta shekara da shekara, har kakar bana aka naɗe tutar aka kai babban birni, ragowar samarin aka haɗa su da wata runduna can bakin teku. Barikin yanzu tayoyi ake ajiyewa ciki. Na je ofishin da ya rage, wani kyaftin ya ba ni kujera da gahawa, ya ce igwar Baba, wadda suke kira Mafaɗaciya, an cika bakinta da siminti an girke ta gaban gidan tarihi. Ya ce iyakar ƙarfinsa furanni. Ya aiko da su kuwa.

Ranar jana'iza abokan igwarsa biyar suka zo, kowa da sandarsa. Kawu Velko, shugabansu, ya dafa akwatin ya ce, "Dragomir, kai da kullum sai an tashi fareti kake isowa, yau kuma ka riga kowa." Ya sa kowa ya tsaya a gurbinsa bakin kabari kamar igwar na tsakiya. Ya ce wa Kawu Paun mai saiti, "Kai makaho, karkata ta gabas, kada ka rushe mana coci," shi kuma ya ce kurma ya ji da kunnensa. Har mutane sun fara murmushi. Sai Kawu Velko ya ɗaga hannu ya ce a harba, duka suka toshe kunne suka buɗe baki yadda suka saba. Shiru, sai kukan hankaki. Kawu Velko ya daɗe yana kallon gurbin Baba da suka bari fili, sannan ya ce ai mai jan igiyar harbin ne ba ya nan. Ban taɓa ganin tsoho ya yi kuka irin wannan ba, ni ma kasa cin dafaffiyar alkamar sadaka na yi.

Da na koma gida na tarar da Mama bakin taga. Na faɗa mata gaskiya duka, ta ce, "Ke dai ba ki san soja ba. Shekara arba'in miya na hucewa ina jiran ubanki. Makara suka yi, za su harba." Tun ranar tana nan zaune cikin barguna biyu. In na lallaɓa na rufe tana barci, sai ta farka ta buɗe. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki sanyin nan har bazara ba. Radko ya ce ko ya harba bindigar farauta a bayan tudu, na ce matar da ta san muryar kowace igwa kamar ta 'ya'yanta ba a yi mata wannan. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, ni dai dutsen nake gani. Na gaji, Yaya, kuma tsoro nake ji kada in binne biyu a hunturu ɗaya.

Muryarka irin ta Baba ce sak. Don Allah ka bugo ranar Lahadi ka ce mata ta rufe, ko ta ji taka. In kuma da hali ka taho, kada ka jira bikin Ista.

Ka gaishe da Nevena, ka shafa min kan Boyan da Iskra. Radko da Kawu Velko suna gaishe ka. Mama ma ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko can wajenku an ji ƙarar wani abu.

Ƙanwarka,
Tsvetana