Turaren da Kika Ɓoye Mana, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da kika sani.

Albishir na kawo miki, amma sai na fara ta inda ke ciwo.

Kin tuna kaskon turarenki? A shekararki ta ƙarshe ba ya mutuwa. Muna shiga ɗakinki muna yaba ƙamshi, mata suna cewa matar Sarkin Fawa akwai tsafta. Ashe wari kike rufewa. Al'ada ta daɗe da ɗauke miki, sai ga ruwa yana zuba, har da jini-jini. Kika ce sanyi ne. A gidanmu komai sanyi ne: ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi. Kika sha saiwoyi, kika zauna cikin ruwan bagaruwa, kika sa aka kawo miki jiƙo tun daga Bogo. In an yi zancen asibiti, sai ki ce, "Abin da zane ya rufe, baki ba ya buɗe shi." Ranar da muka kai ki, likita ya ce daji ne a bakin mahaifa, kuma ya riga ya yi nisa. Har yau abin yana ci mini rai, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

To ga takwararki, Ummi, wadda kika bari tana rarrafe. Ta girma, tana karatun ungozoma. Bakinta kuwa, sai dai a ce tubarkalla, bai san kwana-kwana ba. Ita ta zaunar da ni, ni da na haife ta, ta ce ba kowane ruwa ne ciwo ba. Wanda yake fari ko garai, ba wari ba ƙaiƙayi, halitta ce, jiki ne ke wanke kansa, yana ma ƙaruwa in mace na da ciki. Mai kauri kamar kindirmo da ke sa susa, maganinsa daban. Mai ƙarni irin na kifin tafkin Maga da ya kwana, shi ma daban, kuma cusa sabulu da alif da muke yi da sunan tsafta ƙara shi yake yi. In ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ga ciwon mara ko zazzaɓi, wannan har maigida sai an duba shi. Na ce ke Ummi, ji tsoron Allah, babanki na tsakar gida! Ko a jikinta.

Da Sallar layya muka je gaida Yafendo Asabe, ƙanwarki. Tun daga zaure turare ya tare mu. Na san wannan hayaƙin. Amma ta ina zan fara tambayar ƙanwar uwata abin da ke ƙarƙashin zanenta? Na zauna ina ta jan gaisuwa.

Ummi ce ta sakaya ƙofa, ta durƙusa a gabanta, ta tambaye ta kai tsaye ko tana ganin jini bayan al'ada ta tafi. Yafendo ta hau faɗa, ta kira ta mara kunya, ta ce sanyi ne kawai, kuma tana shan magani. Yarinyar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ita, "Kaka, sunan yayarki nake ɗauke da shi. Ita ba ta faɗa ba. Ni na faɗa a madadinta." Sai ga hawaye a idon Yafendo. Washegari da kanta ta yafa mayafi, muka nufi asibiti.

Likitar mata ta duba ta, aka yi gwaji. Abin nan ne dai, Inna, irin naki, amma yana farkon tsiro. An yi mata aiki. Jiya na same ta a ƙofar gida tana tuyar ƙosanta, tana zagin masu tuƙa babur da ke tayar mata da ƙura. Na shiga ɗakinta, kaskon turarenta yana ƙarƙashin gado, ya yi sanyi.

Wallahi ina alfahari da 'yar nan, kaina har yana neman taɓa rufi. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba saboda kunyarki. Ranar da aka sallami Yafendo kuwa, a bakin asibiti, na kira shi da ƙarfi, kowa ya ji. Ki yafe mini wannan rashin kunyar guda.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika ɗauka ke kaɗai ya zama kaffara, ya ba matan gidanmu bakin faɗa tun da wuri. Amin.

Taki har abada,
Hajara