Robobin Lemo a Fadamar Gummi

Gummi

Assalamu alaikum, Yaya Ɗanjuma.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da iyali. Tunda anka datse layin waya sai takarda; Nababa direba zai kawo maka.

Gulbi ya cika ya janye, ya bar muna abin mamaki: robobin lemo fal fadamarmu. Sun toshe hanyar ruwa, shinkafar gefen kwari duk ta ruɓe. Saniyar maƙwabcinmu ta mutu, mahauci ya tarar da marafen roba cikin tumbinta.

Mutanen Gummi ba su sha wannan uban lemo ba. To daga ina? Kai ke saida shi a Anka, gulbin nan kuwa ta wajenku yake biyowa. Tambaya kawai nika yi.

Ƙanwarka,
Fiddausi

Anka

Wa'alaikumus salam, Fiddausi.

Muna lafiya. Allah shi mayar da alheri a kan shinkafa.

Amma kin ba ni dariya. Roba ta taso daga Anka, ta wuce Bukkuyum, ta nemo gonarki? Tana da babur? Don ki huta da zargi, na shafa wa wasu robobi jan fenti a gindi, na bar su a kwatar bayan shagona inda yara ke yadda su. Daren jiya an yi ruwa, sun tafi. In kin ga ko guda, ki kira ni maƙaryaci.

Yayanki,
Ɗanjuma

Gummi

Yaya, sallama da gaisuwa.

Ba ni iya kiranka maƙaryaci, amma buɗe ƙunshin ga: robobi biyu ne masu jan fenti a gindi. Guda ni na tsince ta a bakin gona. Gudar kuma ƙawata Veronica, malamar asibiti a Bukkuyum, ta ciro ta a mashayar gulbi. Ta ce sauro cikin irinsu yake ƙwai.

Na nuna wa matan unguwa. Baba Asabe ta juya robar, ta ce, "Da can kwalba muka sha, kamfani na aiko mota ta kwashe kayanta. Yaushe anka daina, kuma wa anka tambaya?"

Sai munka shiga fadama da buhunna, munka cika su da robobi. Suna bisa motar Nababa. Motar kamfanin da ke kawo maka lemo fanko take komawa. Ka ce su tafi da abinsu.

Ka gaida Inna.
Fiddausi

Anka

Fiddausi, ina gaisuwa.

Kin ja mini. Buhunnanki sun tare ƙofar shago, mutane na tsayawa kallo.

Da motar ta zo na yi wa wakilin kamfani tambayar Baba Asabe. Ya ce, "Mu lemo muka saida maka, roba kyauta ce." Ya ƙara da cewa in na matsa, firjin da sunka ba ni za su ɗauke. Da shagon ga kuwa nika ciyar da gida.

Ashe Inna na ji daga zaure. Ta fito da lulluɓinta ta zauna bisa buhu, daidai gaban motar. Ta ce masa, "Yaro, wanda ya kawo tuwo shi ka ɗauke kwanonsa."

Ya roƙe ta, ya yi fushi, ya sake roƙo. Har la'asar ba ta motsa ba. Sun loda buhunnan. Sun kuma loda firjin.

Lemona yanzu cikin randa yake sanyi. Ban san inda za su kai robobin ba, abin na ta yi mini yawo a kai.

Ɗanjuma

Anka

Fiddausi,

Ban jira amsarki ba. Sunday mai shagon bakin tasha ya zo da sauran masu saida lemo. Sun ce ranar Alhamis ba mai sauke katan ɗin lemo sai motar ta ɗauki roba, kuma ni zan shiga gaba in bi ta har inda taka zubarwa.

Namu ba su cika mota. Ki aiko da duk abin da kunka tara.

Wassalam,
Yayanki