Abin da za ka faɗa wa injin dararku

Zuwa ga aminina Issufu, a ƙasar Faransa.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mutanen Matameye duk suna gaishe ka. Takardarka ta iso, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya karanta mini. Amsar kuwa da ajami ce, sai ka nemi mai karanta maka, kai ma ka ɗanɗana.

Ka ce malamanka suna koya wa injin lissafi darar Turawa, sun rabu biyu: wasu na so ya duba kowane motsi amma kusa-kusa, wasu na so ya zaɓi kaɗan ya bi su da nisa. Wai ra'ayina kake nema, tunda ban taɓa faɗuwa a hannunka a dara ba.

Ashe ka tuna! A gindin tsamiyar kasuwa, kai da karare, ni da tsakuwa. Sai ka bi gurbi ɗaya-ɗaya kana ƙirga, har mai fura ta sayar ta tafi ba ka taɓa kara ba. Ni kallo ɗaya nake yi, in watsar da motsi goma, in bi biyu har ƙarshensu, in cinye ka.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka. Kai da ake kira Hawainiya, yau kai ake tambaya a birnin Turawa, ni gwanin ina dako a Kano duk rani. Na san hassada ga mai rabo taki ce, to ga taki nan na aiko maka, buhu guda.

Na so in hana ka amsar. Amma ka tuna ranar da dogarai suka zo ɗibar yaran lakwal? Kai ka tsaya kana aunawa har aka rubuta sunanka. Ni kallo ɗaya na yi wa abin, na ce ba ci a nan, na gudu Kurni wajen gwaggo. Har dariya na yi maka a hanya.

To ka faɗa musu injin ya zaɓa, amma kada ya yar da motsi don muninsa kawai. Ya ƙara dubawa sau ɗaya. Ni motsin da na yar ran nan, shi ne mai cin wasan.

Allah ya ƙara maka basira, ya wanke mini zuciya, ya dawo da kai lafiya. Tsakuwoyina suna nan.

Naka,
Ilu