Jan Zane a Kan Soro

Zariya, Laraba

Zuwa ga matata Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Uwais. Yaya ƙafar Inna? An shiga maimai a Yako?

Na ƙi kiranki a waya ne don kada ki ji muryata. Maijidda, na faɗi jarrabawar jiya, kuma jan zanenki ne ya kayar da ni. Kada ki ɓata rai, laifin bakina ne. Wa ya aike ni in gaya miki cewa hanyarmu ta zuwa Kano ta kan gida za ta bi?

Darasin da muke kai yanzu shi ne tuƙin jirgin sama a cikin gajimare. Sai a sa maka wata hula mai dogon baki ta tare maka waje, ba ka ganin komai sai agogunan gabanka. Su za su gaya maka kana sama ko kana gangarowa. Jikinka kuwa maƙaryaci ne, sai ya rantse maka kana daidai alhali ka karkace.

Ina tafiya lafiya lau har agogon nisa ya nuna mun kusa Yako. Sai na tuna kin ce za ki shanya zanen a kan soro. Na ɗan ɗaga kai kamar ɓarawon nama a tukunya. Na hango ruwan Tiga can nesa, na shiga laluben rufin gidanmu. Kafin in ankara hancin jirgi ya sunkuya, mun karkata hagu. Malaminmu, Kyaftin Sagir, ya karɓe tuƙin.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Da muka sauka ya tambaye ni abin da nake nema a ƙasa, na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya, sannan ya ce ranar gajimaren gaske wannan leƙen zai iya mayar da ke gwauruwa. Na ji kunya ƙwarai. Ga shi ko zanen ban gani ba, ba tsuntsu ba tarko.

Dama ɗaya ta rage mini, Litinin mai zuwa. In na sake faɗuwa za a sallame ni. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mujitaba

Zariya, Litinin

Maijidda tawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun yini lafiya. Ki shafa mini kan Uwais.

Alhamdu lillahi, na ci! Kyaftin Sagir, don mugunta, hanyar nan dai ya sake zaɓa. Da agogo ya nuna muna kan Yako, wuyana har ƙaiƙayi yake yi. Shi ma ya ƙi taimakona, sai cewa yake garin ya yi kore shar. Na kafe idona a kan allurar agogon tsayi ina salati, gumi yana bin bayana, har muka wuce. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

Tun da na san ki ban taɓa wuce ƙofar gidan da kike ciki ban waiwaya ba, sai yau. Wallahi ya fi duk karatun nan wuya, don kewarki nake yi sosai.

Ban gaya miki lokacin tashinmu ba, da gangan. Amma wajen hantsi wani ƙaramin farin jirgi ya bi ta kanku. Ki rubuto mini gaskiya, kin fito?

Naki har kullum,
Mujitaba